Darasin Uwargida: Sukari, Daga Gonar Rake Zuwa Kofin Shayi

 Darasinmu na yau a kan sukari ne, abin da kusan kullum sai hannunki ya taɓa shi, amma ba kasafai ake tsayawa a ƙirga yawan wanda ke shiga cikin iyali ba.

Ke da kike zaune a Dandamisa, ko Makarfi, ko Kudan da Ikara, ba sai an yi miki bayanin rake ba. Kina ganinsa a fadama, kina ganin manyan motoci suna lodinsa zuwa garuruwa masu nisa. To amma daga ina zaƙin nan yake zuwa? Ganyen rake ne ke haɗa hasken rana da iska da ruwan da saiwa ta jawo, ya mayar da su sukari, sannan ya tara shi a cikin kara. Kowane tsiro yana yin haka. Shi ne zaƙin da kike ji a mangwaro da dabino da karan takanɗa, shi ne kuma ƙudan zuma ke bi a cikin fure. Rake dai ya fi su iya ajiya ne.

Asalin rake daga tsibirin New Guinea yake, mutanen Indiya ne suka fara daskarar da ruwansa, Larabawa kuma suka yaɗa shi zuwa Masar da Maroko da Andalus. Kalmar ma daga bakinsu muka samo ta, "sukkar".

Abin da zai ba ki mamaki shi ne, farin sukarin da kike awo a shago ba daga rakenmu yake ba. Namu mai taushi ne, na sha da na mazarƙwaila. Mafi yawan sukarin Nijeriya ɗanyensa ake shigowa da shi daga waje, musamman Burazil, a tace a matatu irin na Dangote da BUA a Legas. Kaɗan ne ake nomawa a gida, kamar a Numan ta jihar Adamawa da Sunti ta jihar Neja. Tun 2002 doka ta wajabta a sa sinadarin bitamin A a cikin sukarin da ake sayarwa, saboda lafiyar idon yara. Wannan alheri ne, amma ba hujjar ƙara cokali ba ce.

Yanzu ga inda nake so ki natsu. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci a yini. Ga babban mutum wannan ya kama kamar giram 50, wato cokalin shayi 12 a shafe. Idan aka rage zuwa cokali 6, ya fi. A shafe fa aka ce, ba irin tulin da muke ɗebowa ba, wanda ɗaya kan yi kusan biyu.

Mu gwada lissafi. Maigida ya sha shayi da safe da cokali 3. Da hantsi an dama koko, an zuba 3. Da rana baƙo ya zo, an sayo lemon kwalba, shi ma ya sha guda, wanda a ƙaramar kwalba kaɗai akan samu wajen cokali 9. Da dare ga fura da cokali 3. Sun zama 18 ke nan, ba a ma sa alawar da ya tsinta a hannun yara ba. Idan azumi ya zo kuwa abin sai ya ninka: kunu, zoɓo, kunun aya, lemo, duk a faranti ɗaya lokacin buɗa-baki. Gwamnati ma ta lura, shi ya sa a 2022 aka fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi.

Haƙori ne ke fara biyan bashin. Akwai ƙwayoyin cuta a baki da ke cin sukari su fitar da tsami, tsamin nan ne ke huda haƙori. Kuma yawan maimaitawa ya fi yawan abin illa: yaron da ke yini yana tsotsar alawa ko gullisuwa ya fi wanda ya ci tasa lokaci guda bayan abinci shiga haɗari. A sa su wanke baki kafin barci. Jariri kuwa, wata 6 na farko nonon uwa kaɗai ya ishe shi, kada a ba shi zuma sai ya cika shekara, kuma a yi ƙoƙari kununsa ya tafi babu sukari har ya kai shekara 2. Harshen da bai saba ba, ba ya nema.

Game da ciwon sukari, ba cokali ɗaya ke kawo shi ba. Akwai gado, akwai ƙiba, akwai rashin motsa jiki, amma yawan shan kayan zaƙi yana tura mutum can ta hanyar ƙiba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake cewa mai ciwon ya koma wa mazarƙwaila ko zuma, wai su na gargajiya ne ba sa cutarwa. Mazarƙwaila ruwan rake ce aka dafa har ya daskare. Tana da ɗan ƙarfe da ƙamshi da farin sukari ya rasa, kuma sayenta taimako ne ga manomanmu, amma a cikin jini aikinsu kusan ɗaya ne. Haka zuma. Idan mijinki ko surukarki na da wannan lalura, kada tausayi ya sa ki cika musu kofi da ita. Sai dai ki san wannan: mai shan magani ko allurar insulin, idan kika ga yana rawar jiki da gumi da jiri, ƙila sukarinsa ne ya faɗi. Muddin yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, ki ba shi cokali 3 zuwa 4 a ruwa. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai, a garzaya asibiti.

Masu juna biyu, na san iyayenmu na yawan maganar "zaƙi", har a jiƙa miki saiwoyi. Rage zaƙin daidai ne, amma jiƙo ba ya nuna abin da ke cikin jini. Akwai ciwon sukari da ciki ke tayarwa, yana sa jariri ya yi girma har haihuwa ta yi wuya, kuma gwaji ne kaɗai ke gano shi. Ki je awo, ki nemi a duba.

Kada kuma ki ce zan raba ki da alkaki da dubulan. Sukarin da ake tsoma alkaki a ciki shi ke janye ruwa ya hana shi saurin lalacewa, shi ya sa kayan gara ke daɗewa a ɗakin amarya. Abin biki ne, a bar shi a na biki.

Akwai ranar da sukari ke ceton rai, wato ranar da yaro ya kamu da gudawa. Hanji ya fi saurin shan ruwa da gishiri idan akwai ɗan sukari tare da su. Mafi kyau ki ajiye ƙunshin ORS na kemis a gida tare da ƙwayar zinc. Idan babu, ki tafasa ruwa lita 1 ya huce, ki zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokali, ki motsa, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kina ci gaba da shayarwa. Kada ki ƙara sukari don ya ji daɗin sha, yawansa na ƙara gudawar, haka ma lemon kwalba. Wanda ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Idan idonsa ya faɗa, ko ya ƙi sha, ko kika ga jini a bayan gida, sai asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba.