Ƙaramin Hatsarin Mota: Wa Ke da Alhaki, Wa Zai Biya?

Galibin hatsarin da motocin 'yan kasuwa ke yi a biranen ƙasar nan ba ya kaiwa ga asarar rai. Bamba ce ta lotse, ko fitila ta fashe, ko ƙofa ta goge a cikin cunkoso. Amma duk da ƙanƙantarsa, irin wannan hatsari yakan ci jarin ɗan kasuwa, domin sau da yawa shi ke biyan kuɗin gyara daga aljihunsa, alhali kuwa yana riƙe da takardar inshorar da ya kamata ta ɗauke masa nauyin. Abin da aka faɗa da abin da aka aikata a bakin hanya, cikin rabin sa'a na farko, shi ne yakan yanke ko kamfanin inshora zai biya ko zai ƙi.

Abin da doka ta tanada

Tun shekarar 1945 aka kafa dokar da ta wajabta wa kowace mota mai hawa titi a Nijeriya inshorar diyyar mutum na uku. Mai mota shi ne mutum na farko, kamfanin inshora na biyu, wanda aka yi wa ɓarna kuma shi ne na uku. Dokar inshora ta 2003 ta ƙayyade cewa diyyar dukiyar wannan mutum na uku kada ta gaza Naira miliyan 1. A shekarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan sabuwar dokar gyaran harkokin inshora wadda ta maye gurbin ta 2003, kuma wajibcin wannan inshora yana nan daram.

Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke ƙayyade farashi. Daga ranar 1 ga Janairu, 2023, hukumar ta ɗaga kuɗin inshorar motar shiga daga N5,000 zuwa N15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Motar da ke ɗaukar kayan mai ita an yanka mata N20,000 da diyyar miliyan 5, manyan motocin dakon kaya kuwa N100,000 da diyyar miliyan 5. Wannan iyaka ta shafi dukiya ne kawai. Rauni da rasa rai hukuncinsu daban ne. Rundunar 'yan sanda ta fara tsananta binciken wannan takarda a duk faɗin ƙasa daga ranar 1 ga Fabrairu, 2025.

Masu motoci da yawa sun ɗauki takardar a matsayin abin nuna wa ɗan sanda a shinge. Alhali yarjejeniya ce: kamfani ya karɓi kuɗi, ya yi alkawarin biyan ɓarnar da motar ta yi wa wani. Abin da ba ta biya shi ne gyaran motar mai takardar kansa. Wanda ke son wannan sai ya sayi cikakkiyar inshora, wadda umarnin hukumar da ya fara aiki a 2023 ya ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar.

Misali da lissafi

A ɗauka wani ɗan kasuwa yana da a-kori-kura mai kai masa kaya daga kasuwar Dei-Dei zuwa Mararaba. A cunkoson Nyanya direbansa ya daki bayan wata ƙaramar mota. Gyaran bamba da fitilun baya da fentin waccan motar ya kama N420,000, gyaran gaban a-kori-kurar kuma N180,000.

Idan inshorar mutum na uku kawai ɗan kasuwar ke da ita, N20,000 ɗin da ya biya ta isa ta sa kamfani ya ɗauki nauyin N420,000, shi kuma ya gyara tasa motar da kansa. Idan cikakkiya ce, kuma darajar motar Naira miliyan 8, ya biya aƙalla N400,000 a shekara, sai kamfani ya gyara motocin biyu. Amma ko a nan akan cire wani kaso da yarjejeniya ta ɗora wa mai mota a kowane hatsari. Idan kason N50,000 ne, to N130,000 zai karɓa a kan gyaran motarsa.

Akwai wasu sharuɗɗa biyu da ke rage abin da ake biya. Na farko, wasu takardun suna hukunta wanda ya rage darajar motarsa don ya biya kuɗi kaɗan: wanda ya rubuta miliyan 6 a kan motar miliyan 8 yana iya samun kashi uku cikin huɗu na asararsa kawai. Na biyu, idan aka sa sabon kaya a madadin tsoho, kamar taya ko batir, kamfani yakan nemi mai mota ya cika wani abu. Dalili shi ne, ƙa'idar inshora mayar da mutum inda yake kafin hatsari, ba ƙara masa riba ba.

Yadda ake gane mai alhaki

Alhaki a shari'a yana rataye ne a kan sakaci, ba a kan wanda motarsa ta fi tsada ko wanda ya fi ɗaga murya ba. Wanda ya daki mota ta baya galibi shi ake fara tuhuma, domin wajibi ne direba ya bar tazarar da za ta ishe shi tsayawa. Mai fitowa daga ƙaramar hanya zai jira na kan babban titi. A shataletale, motar da ta riga ta shiga ita ke da hanya. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, wannan mota takan ɓullo ne ta hagun mai shirin shiga. Kotu kuma tana da ikon raba laifi tsakanin ɓangarorin biyu, misali idan motar gaba ba ta da fitilar birki, sai a rage diyya gwargwadon sakacin kowa.

Abin da ya fi shafar 'yan kasuwa shi ne, maigida yana ɗaukar alhakin sakacin direbansa matuƙar direban yana bakin aikin da aka sa shi. Saboda haka cewa "ai ba ni ke tuƙi ba" ba ta kuɓutar da mai mota.

A wurin hatsari

Wajibi ne direba ya tsaya. Idan akwai wanda ya ji rauni, kai shi asibiti shi ne kan gaba, sannan a sanar da 'yan sanda ko Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda ke aiki tun 1988 kuma ke da lambar gaggawa 122. Idan ɓarnar ta ƙarfe ce kawai, a ɗauki hotunan motocin da waya kafin a gusar da su: yadda suke tsaye, lambobinsu, wurin da ya lotse da alamun titi. A rubuta sunan ɗaya direban, da lambar lasisinsa, da sunan kamfanin inshorarsa da lambar takardarsa, da sunayen shaidu biyu. Daga nan sai a janye motocin gefe.

A nan ne kuma ake yin kuskure mafi tsada. Kusan kowace takardar inshorar mota tana ɗauke da sharaɗin cewa mai ita ba zai amsa laifi, ko ya yi alkawarin biya, ko ya biya wani abu ba sai da iznin kamfani a rubuce. Hikimar sharaɗin a fili take: kamfanin ne zai fitar da kuɗin, don haka shi ke da haƙƙin bincike da ciniki. Yi wa mutum sannu da addu'ar Allah ya kiyaye gaba ladabi ne, babu laifi a ciki. Amma direban da tsoron taron jama'a ya sa ya ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne, maigidana zai gyara maka," ya ba kamfani hujjar ja da baya. Magana zarar bunu ce.

Haka nan wanda aka yi wa ɓarna ya kula da kalmar "na yafe". Mai cikakkiyar inshora yana iya karɓar kuɗin gyara daga kamfaninsa ko da laifin na wani ne, sannan kamfanin ya tsaya a matsayinsa ya bi mai laifin ko kamfanin mai laifin ya karɓo abin da ya kashe. Idan mai mota ya riga ya yafe a rubuce, ya toshe wa kamfaninsa wannan hanya, kuma kamfanin yana iya ƙin biyansa. Wanda ya zaɓi yafewa ya yi alheri, amma ya san cewa daga aljihunsa ya yafe. Kazalika ba a karɓar kuɗin gyara daga mai laifi sannan a sake karɓa daga kamfani a kan ɓarna guda.

Sulhu ko neman diyya

Ba kowane gogewar fenti ne ya cancanci cika takardu ba. Idan kuɗin gyara bai kai kason da mai mota zai ɗauka ba, ko kuma neman diyyar zai sa ya rasa rangwamen da kamfanoni ke yi wa wanda ya shekara bai nemi kome ba, sulhu ya fi sauƙi. Sai dai a yi shi bayan bakanike ya duba motar, domin lotsewar da ake gani ƙarama tana iya ɓoye fashewar lagireto. A rubuta adadin kuɗin, a bayyana cewa da shi magana ta ƙare, ɓangarorin biyu da shaidu su sa hannu. Ko da an sulhunta, yana da kyau a sanar da kamfani, don kada wancan ɓangaren ya dawo daga baya da wata sabuwar buƙata.

Idan kuwa diyya za a nema, a sanar da kamfani ko dillalin inshora nan take, cikin wa'adin da takardar ta ambata. Za a nemi fom ɗin neman diyya, da bayanin direba a rubuce, da kwafin lasisinsa da takardun mota, da hotuna, da ƙiyasin kuɗin gyara, sau da yawa kuma da rahoton 'yan sanda. Kada a fara gyara kafin injiniyan kamfani ya duba motar ya amince da ƙiyasin. Duk wata takardar neman biya ko sammaci da ta zo daga ɗaya ɓangaren, a miƙa ta ga kamfani ba tare da an amsa ta ba. Idan an daidaita kan adadi, kamfani zai ba da takardar sallama; a karanta ta sosai, domin sa mata hannu yana rufe maganar.

Abubuwan da ke ɓata neman diyya

Na farko shi ne jabun takarda. Wadda aka saya da araha a hannun 'yan kamasho a bakin ofishin lasisi tana iya zama ba ta da kamfani a bayanta. Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Nijeriya tana da rumbun bayanai na intanet mai suna NIID, inda ake shigar da lambar mota a ga ko inshorarta ta gaskiya ce. Na biyu, rashin biyan kuɗi: ƙa'idar ita ce in ba a biya ba, babu kariya, ko da an karɓi takarda. Na uku, direba marar lasisi, ko mai lasisin da bai dace da girman motar ba. Na huɗu, sauya aikin mota, kamar yin kabu-kabu da wadda aka yi wa inshorar shiga. Na biyar, ƙarya a bayani ko haɗa baki da mai gyara a ƙara kuɗi.

Waɗanda ke ƙyamar inshorar da aka saba saboda dalilin addini suna da mafita a tsarin takaful, wanda NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Matakan neman diyya a can kusan ɗaya ne da waɗanda aka zayyana.

Idan kamfani ya ƙi biya ko ya yi ta jan ƙafa, mai takarda ya nemi dalili a rubuce, sannan ya kai kuka sashen karɓar koke-koke na NAICOM tare da kwafin takardunsa. Ƙofar kotu kuma a buɗe take. Amma kafin a kai ga haka, ya kamata kowane mai motocin kasuwanci ya ajiye kwafin takardar inshora da lambar wayar dillalinsa a cikin kowace mota, ya kuma koya wa direbobinsa abu uku: su tsaya, su ɗauki hoto, su kira maigida kafin su yi wa kowa alkawari.