Darasi na Bakwai: Fumfunar da ke Zaune Cikin Ganyen Allura

A wajen Bahaushe, fumfuna alamar lalacewa ce. Ita ake gani a kan kwantan tuwo ko hatsin da ya sha laima. To amma masana ilimin tsirrai sun tabbatar da cewa akwai nau'o'inta da ke rayuwa a cikin lafiyayyen ganye ba tare da ganyen ya nuna wata alamar cuta ba. Su ake kira endofayit. Kalmar ta samo asali ne daga Girkanci, inda ɓangaren farko ke nufin "ciki", na biyu kuma "tsiro", kuma ana danganta fara amfani da ita ga masanin nan Bajamushe, Anton de Bary, a shekarar 1866. A ganina "fumfunar cikin ganye" ta fi dacewa da ajin firamare, domin ararriyar kalmar ba ta shaida wa yaro komai.

An fi nazarin wannan zama a dazuzzukan Turai da Arewacin Amurka, a itatuwa masu siririn ganye kamar allura, irin su fayin da sufurus. Ganyen nan yakan yi shekaru a kan reshe kafin ya faɗi. Fumfunar ba ta bin iri daga uwa zuwa ɗa. Ruwan sama da iska ne ke ɗauko ƙwayoyinta daga matattun ganye su sauke a kan sababbi, shi ya sa tsohon ganye ya fi ɗauke da ita. Nau'in Rhabdocline parkeri, alal misali, yakan shiga ƙwayar halitta guda ɗaya tak a fatar ganye, ya lafe a nan har ganyen ya tsufa, sannan ya bazu. Don gano ta, mai bincike yakan wanke bayan ganye da sinadarin kashe ƙwayoyi, ya yayyanka shi, ya ɗora a kan abincin reno. Duk abin da ya tsiro, daga ciki ya fito.

Fumfuna na samun mafaka da abinci. Shi kuwa itacen, me yake samu? A gabashin Kanada akwai wata tsutsa mai cinye tohon sufurus, wadda a shekarar 1975 ɓarnarta ta shafi fiye da hekta miliyan 50. Binciken J. David Miller na Jami'ar Carleton da abokan aikinsa ya nuna cewa nau'in Phialocephala scopiformis na fitar da wani dafi mai suna rugulosin, wanda ke rage girman tsutsar. Daga nan aka shiga sanya wa dashe wannan fumfuna tun a wurin reno, kafin a kai shi daji.

Sai dai kada ɗalibi ya ɗauka cewa zaman duk na mutunci ne. Diplodia sapinea takan zauna shiru a jikin fayin, amma da zarar fari ko ƙanƙara sun raunana itacen, sai ta juya ta kashe rassa, kamar yadda aka sha gani a gandayen fayin na Afirka ta Kudu. Wato halin da itacen ke ciki shi ke yanke ko baƙuwar za ta zama mai taimako ko mai cuta.

Auna Fahimta: Ƙirƙiro wata kalmar Hausa da za ta maye gurbin endofayit, sannan ka kare zaɓinka da hujjoji biyu daga cikin wannan darasi.