Kiyaye Sitatar Mota Daga Zafin Salansa

Akwai wata cuta da kan kama motoci a ƙasar Kazaure, musamman da bazara, wadda ta sha cinye kuɗi a banza. Mota ta tashi lafiya lau da asuba a Achilafiya, a kai Kazaure, a kashe ta minti goma a ƙofar fada. Da direba ya murɗa makulli sai a ji "ƙas," shi ke nan, ko kuwa inji ya juya da ƙyar kamar jakin da kaya suka yi wa yawa. In an bar ta rabin sa'a ko sa'a guda, sai ta tashi kamar ba ita ba. Galibi batir akan ɗora wa laifi, a sayi sabo, bayan kwana biyu abin ya dawo. Alhali kuwa sau da yawa zafi ne ya kama sitata, watau abin da makanikai ke kira kik.

Hakimi ba makanike ba ne, Malaminsa ma haka. Amma su ke sa hannu a kan kuɗin gyara. Sau da yawa kuma motar Hakimi ce ake bugo wa ƙofa da tsakar dare don kai mai naƙuda asibiti, kuma rabin sa'a a irin wannan hali ba ƙaramin abu ba ne.

Yadda Zafi Ke Kama Ta

Sitata ƙaramin injin lantarki ne mai juya babban inji har ya kama. Wani Ba'amurke, Charles Kettering, shi ya ƙera irin wadda aka sa wa motar Cadillac a 1912. Kafin nan da handil ake tā da mota, ya kuwa karya hannuwa da dama. A cikin sitata akwai wayar tagulla da aka nannaɗe. A bayanta akwai wani ɗan gwangwani, solonoid, mai tura haƙorinta cikin haƙoran inji, ya kuma haɗa ta da batir. Batir volt 12 ne kurum, amma sitata takan ja amfiya 100 zuwa 200, ta motar dizal fiye da haka. Saboda haka ko ɗan cikas kaɗan a hanyar wuta yakan nuna.

To, tagulla tana da hali guda: gwargwadon zafinta, gwargwadon yadda take tauye wuta. In zafinta ya ƙaru da digiri 100, tauyewar takan ƙaru da wajen kashi 40 cikin 100. Bututun da hayaƙi ke fitowa daga inji zuwa salansa kuwa, wanda ake kira manifol, yakan wuce digiri 600 in mota tana jan kaya, ga shi ruwa a digiri 100 yake tafasa. A wasu motoci tsakanin wannan bututu da sitata bai fi faɗin hannu ba.

Abin lura shi ne, sitata ta fi shan zafi bayan an kashe mota. Muddin ana tafiya iska na ratsawa, fanka na juyawa, ruwa na kewaya inji. Da an tsaya duk waɗannan sun tsaya, ƙarfe kuwa yana nan da zafinsa, sai ya juye shi a kan abin da ke kusa. Motar da ta sha rairayi a ƙaramin giya a hanyoyin ƙauyukan Babura ko Gwiwa, ko ta hau tudu da lodi wajen duwatsun Roni, a watan Afrilu da rana kan wuce digiri 40, ita ce ta fi shiga wannan hali.

Aikin Malami

Wahalar wannan cuta ita ce makanike ba ya ganinta, domin kafin ya iso mota ta huce. Nan ne alƙalamin Malami ke da amfani. Duk ranar da mota ta ƙi tashi, ya rubuta a littafin mota: ƙarfe nawa ne, tafiyar minti nawa aka yi, minti nawa aka tsaya, an ji "ƙas" ko shiru, bayan minti nawa ta tashi. Direba kuma ya kunna fitila ya murɗa makulli. In fitila ta dushe ƙwarai, a tuhumi batir, ko kawunansa, ko sitata kanta. In ba ta dushe ba, a tuhumi solonoid da ƙaramar wayar makulli. In kuwa inji yana juyawa da ƙarfinsa amma bai kama ba, to sitata ba ta da laifi, a nemi abin wajen mai ko wuta. Rubutu uku ko huɗu irin wannan sun isa su nuna wa makanike inda zai duba, kuma bai kamata Hakimi ya yarda a sayi batir ba sai an gwada tsohon.

Magani

Da fari a duba ko garkuwar da masu ƙera mota suka sa tana nan. Wani ɗan faranti ne tsakanin bututu da sitata. Yakan yi ƙara in kusoshinsa sun kwance, sai yaron makanike ya cire ya yar, wai ba ya aikin kome. In babu shi a nemo, ko a sa maƙeri ya yanko na alminiyam ko farin ƙarfe mai ƙyalli. Lalle a bar sarari kamar kaurin yatsa ta kowane gefe, gama iskar da ke tsakani ita ke yin rabin aikin. Faranti da ya manne wa bututu ya kuma taɓa sitata ya zama gada ga zafi. Kada kuma ya kusanci kan babbar wayar batir, don kullum da wuta a cikinta ko mota na kashe. A cire wayar batir ta gefen ragi kafin a sa sifana a wurin.

Akwai mayafin zaren gilashi mai fuskar alminiyam da ake naɗa wa sitata. Yana da amfani, amma in inji yana yoyon mai a toshe yoyon tukuna, don mayafin da ya jiƙe da mai yana iya kamawa da wuta. Asbestos da aka yi amfani da shi dā, yanzu an tabbata ƙurarsa tana jawo mugun ciwon huhu, kada a yarda da shi.

Sa'an nan a kankare kawunan batir, a ɗaure wayar da ta haɗa batir da jikin inji, a janye wayoyi daga bututu. In ƙaramar wayar makulli ta tsufa, mai gyaran waya yana iya sa rile kusa da batir don solonoid ya sami cikakkiyar wuta. Sitatar da ta riga ta gasu, garkuwa ba ta mayar da ita sabuwa, sai an kwance ta an duba burushinta.

A hanya kuwa, direba ya buɗe bonet ya jira. Kada ya riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 ko 15 a murɗawa guda. Kada ya kwara ruwa, gama manifol na iya tsagewa. Turawa takan fid da mota mai giyar hannu, amma mai giyar otomatik ba ta tashi da turi, sai dai a jira ta huce.