Kafin Ki Miƙa Takardar Ajiye Aiki

'Yata, saƙonki ya iso ni bayan sallar isha'i, na kuma kwana ina juya shi a raina. Kin ce wata babbar ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa ta yi miki tayin aiki a Abuja, da albashin da ya kusan ninka wanda kike karɓa a ƙaramar ƙungiyarku ta Maiduguri, amma zuciyarki ta ƙi kwanciya, kina ganin kamar za ki juya wa yaran da ke fama da tamowa baya.

Ki fara sauke wannan nauyin. Neman ƙarin halal ba cin amana ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Albashin da ya riƙe gida jiya, yau da ƙyar yake ganin tsakiyar wata. Kina da mahaifiya, kina da ƙanne a makaranta, su ma suna da haƙƙi a kanki.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. A aikinmu, girman albashi bai kai sanin tushensa muhimmanci ba. Kin ga abin da ya faru da idonki. Ranar 20 ga Janairun 2025 shugaban Amurka ya sa hannu kan umarnin dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, cikin 'yan kwanaki takardun tsayar da aiki suka fara isowa, kafin shekara ta yi nisa hukumar USAID ta rufe. Mutanen da ake yi wa kallon sun gama hayewa suka wayi gari a gida. Don haka ki tambayi sabuwar ƙungiyar ba tare da jin kunya ba: wa ke ba da kuɗin wannan kujera? Yaushe yarjejeniyarsu da shi za ta ƙare? Masu ba su tallafi nawa ne? Kwangilar wata shida mai tsoka, wadda ta rataya ga mai bayarwa ɗaya, tana iya zama sakin reshe kama ganye. Wannan tambayar kuma ki yi wa ƙungiyar da kike ciki, domin zama ma yana da nasa haɗarin.

Ki ɗauki biro ki yi lissafi. A Abuja ana biyan kuɗin hayar shekara a dunƙule, wanda kuma ya sauka a Kubwa ko Mararaba ya san abin da mota ke ci. Ki duba inshorar lafiya. Ki duba fansho: dokar 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 10 cikin ɗari na albashinki, ke kuma kashi 8, asusun naki ne, yana bin ki duk inda kika koma. Ki tabbata ana zubawa.

Yanzu ga abin da lissafi ba ya nunawa. Shekara nawa kina ɗaura ma'auni a damtsen yara, kina ganin ya faɗa kan ja, ƙasa da santimita 11.5? Kin yi aiki cikin ambaliyar madatsar ruwan Alau ta Satumban 2024 alhali unguwarku ma ruwa ya ci ta. Irin wannan gajiya tana shiga ƙashi, tana kuma sa mutum ya ɗauka ya tsani aikin. Ki karɓi hutunki tukuna, ki yi barci, ki ziyarci dangi. Idan kin dawo har yanzu ranki na Abuja, to tafiyar gaskiya ce. Ni na taɓa barin wani wuri cikin fushi da shugabana, na yi shekara biyu ina rubuta rahoto a ofis mai sanyi, ina kewar ƙauyukan da na baro. Fushin ya wuce cikin wata guda, nadamar ce ta daɗe. Ki san wane aiki za ki riƙa yi daga safe zuwa yamma, ki ga ko zai ƙara miki ilimin da za ki dawo wa mutanenki da shi.

Idan kin yi istihara, kin shawarci mahaifiyarki, kika ga tafiya ce alheri, to ki tafi ta ƙofa. Ki ba da sanarwa gwargwadon yadda kwangilarki ta tanada. Ki kawo rasidin kowane kuɗin aiki da ke hannunki. Ki zaunar da wanda zai gaje ki, ki nuna masa rajistar yaran, ki kai shi gaban bulama da iyayen da suka saba da fuskarki, ki ce musu ga wanda zai ci gaba. Amanar da kike tsoron ci tana nan ne, wajen yadda kika miƙa ta.

Allah Ya zaɓa miki mafi alheri, Ya sa albarka a inda kika tsaya.