Dokoki Nawa Aka Ɗora Wa Mai Ciki?

Karatu: Mahukunta 13:1-25

In kana zaune a Kégué, ko wata unguwa ta Lome, ka san abin da yakan faru da zarar cikin mace ya fito. Nan take kowa ya zama likita. Uwar miji ta ce kada ta ci ƙwai, don kada yaron ya tashi ɓarawo. Maƙwabciya ta ce ta bar zuma da rake, zaƙi zai tare mata hanya ranar haihuwa. Wata kuma ta ce katantanwa takan sa yaro dalalar da miyau. A hana ta fita da tsakar rana, a hana ta fita da magariba. Da yake a zango Bahaushe da Kotokoli da Ewe gida ɗaya suke haya, matar takan kwashi dokokin kabila uku gaba ɗaya. Har mai zemijan da ya ɗauko ta daga kasuwar Hédzranawoé yana da tasa shawarar.

Yawancin masu faɗin nan ƙauna ce ta sa su, kada mu raina su. Amma bari mu duba wata mace mai ciki wadda aka ba ta doka daga sama, mu ga yawan dokar.

Matar Manowa, mutumin Zora, bakarariya ce. Ko sunanta ba a rubuta mana ba. Mala'ikan Ubangiji ya zo wurinta, ita kanta, ya shaida mata za ta haifi ɗa, wato Samson. Abin da ya hana ta bai cika yatsun hannu ɗaya ba: ruwan inabi da duk abin da ya fito daga kurangar inabi, abin sa maye, da abinci marar tsarki. Ya kuma faɗi dalili, yaron keɓaɓɓe ne ga Allah tun daga ciki. Ka lura da wannan sosai. Dokar gajera ce, tana kuma da dalili a fili. Ba a tsorata ta da kome ba.

Manowa bai gamsu ba, kamar yawancinmu maza. Ya roƙi Allah a sake aiko mutumin ya koya musu. Allah ya ji, amma mala'ikan ya sake zuwa wurin matar ne, tana zaune a gona, mijin ba ya nan. Sai da ta sheƙa ta kira shi. Da Manowa ya yi tambayarsa, amsar ita ce matar ta kiyaye abin da aka riga aka faɗa mata. Daga baya, da suka gane wanda suka gani, Manowa ne ya firgita ya ce mutuwa za su yi. Matar ce ta kwantar masa da hankali, ta nuna masa cewa wanda ya karɓi hadayarsu, ya kuma yi musu alkawarin ɗa, ba kashe su yake nufi ba. A gidan nan, wa ya fi ƙarfin zuciya?

To, ta yaya za ka rarrabe shawarar kirki da ta tsoro? Ka tambayi dalilinta. Ƙwai ba ya koya wa yaro sata. Ƙwai dafaffe da wake da kifi da nama da zogale su ne suke gina jikin uwa da na ɗan, su ƙara mata jini. Macen da aka hana wa waɗannan takan kai ranar haihuwa jininta ya yi ƙasa, zubar jini kaɗan kuwa sai ya kayar da ita. Giya da taba da shan magani ba da izinin ma'aikacin lafiya ba, waɗannan hani ne mai dalili. Haka ma yankan gishiri, wanda ya jefa mata da yawa a ƙasar Hausa cikin ciwon yoyon fitsari. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego suna da hannu a ciwon zuciyar da yake kama masu jego. Al'ada ce ta iyayenmu, na sani, amma iyayenmu ba su da abin awon jini.

Abin da yake ba ni mamaki shi ne, shawarar da ta fi amfani ita ce ba a cika bayarwa ba. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa, na farko cikin makonni 12 na fari. A wurin awo ne ake ba da ƙwayar ƙarin jini ta kowace rana, da maganin rigakafin zazzaɓin sauro bayan wata 3 na farko, a kuma auna hawan jini. A 2021 gwamnatin Togo ta fara shirin Wezou domin rage wa masu ciki nauyin kuɗin awo da haihuwa. Duk da haka kunyar cikin fari takan sa yarinya ta ɓoye cikin har wata 6, masu ba da shawara kuwa ba wanda ya ce mata, tashi in raka ki.

'Yar'uwata mai ciki, ke da kike dakon ruwa, kike tuya, kike goyon wani a baya da wani a gaba, ba wanda zai koya miki ƙarfi. Ki amsa wa manya da ladabi, ki ce, na gode Inna, zan tambaya a wurin awo. Amma kada a ce miki jarumtaka ce ki yi shiru da ciwo. In kin ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da duhun gani, ko fuska da hannuwa sun kumbura, ko zazzaɓi, ko yaron ya rage motsi, ki tafi asibiti a ranar, ko da dare ne.

Kai kuma maigida, ka ajiye kuɗin mota tun yanzu, ka san wanda zai kai ta in naƙuda ta zo ba ka gida. In mahaifiyarka ta hana ta ƙwai, kai ne za ka je ka yi wa tsohuwa bayani cikin girmamawa, kada ka bar wa matarka wannan aiki.