Darasi: Ƙarfen rataya na motar ɗaga kaya

Wanda ya zauna Malbaza ya san siminti. Masana'antar garin na aiki tun shekarun 1960, manyan motoci na lodi su hau babbar hanyar da ta haɗa Ƙonni da Galmi. Buhu ɗaya kilo 50 ne, buhu 20 tan ɗaya. In an jera buhuna a kan katako, motar ɗaga kaya mai ƙaho biyu sai ta zura ƙahonta ta ƙasa ta ɗauke su. Amma injin mota da aka sauke don gyara, ko wani babban janareto, ba su da wurin zura ƙaho. Sai dai a rataya su. Shi ya sa ake kai wa mai walda aiki ya ƙera ƙarfen rataya.

Yadda ake haɗa shi ba wuya. Ana yanko bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu guda biyu, masu kauri, waɗanda ƙahonin za su shige ciki kamar ƙafa a takalmi. A kansu ake ɗora ƙarfen dako mai siffar harafin H, a liƙe da walda. Kafin a sa wuta, a goge tsatsa da fenti har ƙarfen ya yi fari, don walda kan tsatsa yaudara ce. Daga baya a sa sarƙa ta ɗaure shi da jikin motar, kada ya sulluɓe in an taka birki. Ƙahon motar kuwa ba a huda shi, ba a yi masa walda.

Ƙugiya a sayo ta, wadda aka buga lambar nauyinta a jiki, mai ɗan marfi da ke hana igiya zamewa. Na sha ganin an lanƙwasa rodin gini an ce ƙugiya ce. Rodi na buɗe baki sannu a hankali, ranar da zai saki kaya ba ya sallama.

To ga inda karatu ke da rana. A jikin motar, kusa da kujerar direba, akwai ɗan allon ƙarfe. A ce an rubuta 2500 kg da 500 mm. Ma'anarsa, tana ɗaukar kilo 2500, wato buhu 50, in tsakiyar kayan bai wuce rabin mita daga gindin ƙaho ba. Tayoyin gaba su ne madogara, nauyin bayan motar shi ke riƙe ta a ƙasa. Ka gwada ɗaukar bokitin ruwa kusa da ƙirjinka, sannan ka miƙe hannu da shi. Ruwan bai ƙaru ba, amma hannu ya gaza. Haka motar take. In ƙugiyar ta yi nisan mita ɗaya da rabi, abin da za ta iya ya ragu zuwa wajen rabi, kuma a cire nauyin ƙarfen kansa. In aka wuce haka, ƙarfen ko gezau ba zai yi ba, bayan motar ne zai tashi sama da direba a ciki.

In an gama, a kira injiniya ya duba, sannan a gwada. In kilo 800 ake son ɗauka, a rataya kilo 1000, buhu 20 ke nan, a ɗaga kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a jira. A sauke, a bi waldar da ido ana neman tsaga. In lafiya lau, a rubuta 800 kg da fenti, baro-baro, a gefe biyu.

Kayan da aka rataya lilo yake yi, musamman a ƙasa mai gargada. Direba ya tafi a hankali, kaya kusa da ƙasa. Yaron shago da zai daidaita shi ya riƙe da doguwar igiya daga gefe, kada ya shiga ƙarƙashi.