Harshen Uwa da Tushen Kimiyya a Ajin Share Fage: Nazari Daga Ƙasar Kaugama

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa yaron Kaugama, a masarautar Haɗejiya ta Jihar Jigawa, yakan shiga makaranta da guzurinsa na kimiyya, abin da yakan rasa shi ne malamin da zai ɗora masa a kan abin da ya zo da shi.

Tun kafin ya cika shekara biyar ya san cewa jigawa takan shanye ruwa nan take, lakar fadama kuwa ta riƙe shi. Ya ji manya suna cewa zuwan shamuwa alamar damina ce. Ya ga gawo yana zubar da ganyensa da damina, sa'ad da sauran itatuwa suke kore shar, ya kuma kamfaci talibambam a kududdufi. Duk wannan lura ce, wato matakin farko na kimiyya. Saura tambaya da gwaji, su ne aikin ajin share fage.

Alal misali, malama ta samo gwangwani biyu ta huda gindinsu, ta cika ɗaya da rairayi, ɗaya da laka, ta zuba wa kowanne ruwa ludayi guda. Kafin ta zuba sai ta tambayi yara wanne ne zai fara ɗiga, kowa ya faɗi nasa da dalilinsa. Wanda bai canka daidai ba ma ya ƙaru, domin ya gane cewa zato daban, abin da ido ya gani daban. Ko sisin kwabo ba a kashe ba.

To, amma da wane harshe yaro zai kawo dalilin nasa? A nan gizo ke saƙa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyarwa da harshen uwa, ko harshen da jama'ar wurin suke yi. Gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da firamare da Yarabanci tsawon shekara shida, ya nuna yaran sun fahimci darussa sosai, Turancinsu kuma bai gurgunce ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a bi wannan tafarki har aji shida, amma a Nuwamban 2025 ta soke shi, ta mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe.

Haƙiƙa Turanci yana da muhimmanci, ya kuma kamata a koyar da shi da kyau a matsayin darasi. Sai dai ɗan shekara huɗu da aka hana yin musu da Hausa a kan gwangwanin laka, shiru zai yi, ko ya dinga maimaita abin da malama ta faɗa. Nauyin da ke kan sassan nazarin Hausa shi ne su tattara sunayen tsuntsaye da kifaye da ciyayin fadamar Haɗejiya daga bakin manoma da masunta, su shirya su cikin ƙananan littattafai masu hotuna waɗanda malaman ƙauye za su iya riƙewa a aji.